Karkashi a Bakin Taya

Wata ranar Lahadi ce da kaka, shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Muna tsakar gidanmu a Tsafe ni da Inna muna sheƙar dawa bayan la'asar, sai muka ji wata ƙara daga bakin layi kamar ana jan garwa a kan tsakuwa. Kaji suka watse. Na yar da faifai na leƙa ta zaure, sai ga bas ɗin Baba tana tafe a karkace, tayar baya ta zama tsumma, tsuran ƙarfe yana cin ƙasa. Fasinjoji na sauka wata tsohuwa ta zube a ƙofar gidanmu tana salati, ba ta ma san gidan wa ba ne. Baba ya shigo rigarsa sharkaf da gumi ya ce in ba shi ruwa, ya shanye kofin a tsaye ya miƙo in ƙaro. Ban taɓa ganin Baba a firgice haka ba. Tun ranar tsoro ya shiga cikina ya samu wurin zama.

Abin da ya faru shi ne, ya ɗauko 'yan kasuwa daga 'Yankuzo, tayar ta sace a tsakiyar daji, a daidai inda ba a tsayawa. Lokacin 'yan bindiga sun fara tare hanya, a gida ko sunansu ba ma kira, sai dai mu ce mutanen daji. Baba ya ƙi taka birki, ya taho a kan rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, har gida. Washegari da ya duba bai samu ko ƙusa ba. Masu faci a wancan lokacin kwantar da taya suke yi a ƙasa, su kafa mata faffaɗan ƙarfe su yi ta dukansa da guduma har ta rabu da rim, haka kowa yake yi. Dukan ne ya lanƙwasa leɓen rim ɗin kaɗan, tayar kuma irin marar tif ce, wadda ba robar iska a cikinta, iska ta yi ta sulalewa ba wanda ya sani. Baba yana ce mini Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya shafa wurin da yatsa ya ce, "Uwata, ƙusa ba ta ba ni tsoro, ita ana ganinta. Iskar da ka hita a ɓoye ita ce mugunya." A nan ya rantse guduma ba za ta sake taɓa rim ɗinsa ba.

Ni kuwa na zama abin tausayi, da ya tayar da mota sai in fashe da kuka. Da Inna ta gaji ta ce ranar da zai je Gusau neman ƙarfen cire taya ya tafi da ni, in gani da idona hanya hanya ce kawai. Wallahi ban ga komai ba, kaina na cikin cinyata har muka shiga gari. A wajen masu kayan mota Baba ya bi rumfa-rumfa rungume da sabon rim da ya naɗe a tsohon zanen Inna. Duk ƙarfen da aka nuna masa sai ya taɓa bakin sandar da ke jikinsa, in ya ji tsuran ƙarfe ne ya girgiza kai mu yi gaba. Wani mai rumfa ya yi masa tsiya, "Malam, wai rim ne ko amarya?" Baba bai ko murmusa ba. Sai da rana ta take muka samu wanda yake so: ginshiƙin ƙarfe mai tsayin ƙugunsa, da hannu mai danne gefen taya, da doguwar sanda mai hular roba a baki don kada ta karce rim.

A gida aka kafa shi ƙarƙashin darbejiya yadda ake kafa turmi, aka tokare ƙafafunsa da duwatsu. Baffa Lawali, ƙanen Baba, mutum ne mai ƙarfi da gaggawa. Ya kama sandar ya danna da dukan jikinsa, ginshiƙin ya tuge gaba ɗaya, sandar ta wuce ta gefen kunnena har na ji iskarta, ta sauka a kan randar Inna ta yi raga-raga da ita. Innalillahi! Na daskare a tsaye, ruwa na bin ƙafafuna, kukan ma ya ƙi fita. Inna ta fito daga madafa tana faɗa, "Kun kawo shi ya tsare muna rai ko ya ɗauka?" Sai da aka haƙa rami aka zuba siminti aka ɗaure shi da noti kafin ta yarda a sake taɓa shi.

Ko da ya kafu, robar tayar ta ƙi zamewa daga rim, tana ƙara kamar za ta yage. Baba ya ce baƙin mai yana cin roba, ruwan sabulu kuwa kafin a zagayo da sanda rana ta shanye shi. Ranar Inna ta jiƙa karkashi za ta wanke mini kai kafin kitso. Ta ɗauko ƙwaryar ta dire gabansu. Baba ya laƙato yauƙin ya shafe bakin tayar, ya ja sanda a hankali, sai ga taya ta sulluɓe shiru, rim yana ƙyalli ko ƙwarzane babu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, dariyarsa ta farko tun ranar 'Yankuzo. Kaina dai bai ga wanki ba ranar.

Daga nan na ɗaukar wa kaina aiki, ba wanda ya sa ni. Kullum da safe, bayan na share tsakar gida na ɗebo ruwa, sai in kaɗa sabulu a gwangwanin madara in zagaye bas, ina shafa bakin kowace taya da tsumma ina jiran kumfa ta ɗago. In kara kunne, in danna da babban yatsa. Ƙawayena suka sa mini suna Likitar Taya, ko a wajen gaɗa da shi suke kirana, ban damu ba. A makaranta in babura suka wuce da yawa gabana faɗuwa yake, amma sai in tuna na duba da safe. Na riga na yanke wa kaina hukunci: in babu kumfa, Baba zai dawo. Haka kaka ta wuce, rani ya wuce, tayarsa ba ta sake sacewa a hanya ba, yana kuma dawowa.

Da damina ta yi tsakiya, wata ranar Alhamis, aka tare su da rana tsaka a wajen Bilbis, aka shiga daji da shi da fasinjojinsa. Da yamma Baffa Lawali ya tuƙo bas ɗin gida ba kowa a ciki, hular Baba na kan kujera. Gida ya cika da mata ana kuka, ni kuwa na ɗauko gwangwanina. Na bi tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ko kumfa ɗaya ba ta ɗago ba, duk sun yi tauri kamar yadda na bar su da safe. Na kama rigar Baffa ina ihu, "To ai ba su sace ba! Baffa duba, ba su sace ba!" Ya kawar da kai. Daga baya wasu cikin fasinjojin sun fito, suka ce tun kwanakin farko aka raba su da direba. Mun yi cigiya, mun yi addu'a, Baba bai dawo ba har yau.

Yanzu ina aure a Bungudu. In muka shiga Gusau ina ganin injinan lantarki a shaguna, su juya taya su cire ta kafin ka gama gaisawa, ba guduma, ba karkashi. Ƙarfen Baba yana nan ƙarƙashin darbejiya, ya yi tsatsa, hular robar ta tsattsage, Inna tana ɗaure akuya a jikinsa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zuwa, amsarta ɗaya ce, "Ku bari mai shi ya zo." Maigidana yana da 'yar mota, kullum zai fita sai na zagaye ta na danna tayoyin da yatsa, tun yana dariya har ya daina. Na san ba ta nan abin yake shigowa ba. Amma nan kaɗai hannuna yake kaiwa.