Hular Da Na Ɗora Wa Injin Caca

A shekarun da zan ba ku labari, ni matashi ne mai ƙarfi da taurin kai, ɗan manoma daga wani ƙauye a ƙasar Anka. Da damina muna gona, da zarar an kai amfani gida sai mu ɗauki diga da guduma mu nufi dajin da ke bayan Bagega, inda masu haƙar zinari suka kakkafa bukkoki, wurin da muke kira daba. Ni da yayana muke tafiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba, kuma mutum ne da za ka yini da shi a ƙarƙashin ƙasa ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Ni kuwa ga surutu ga saurin fushi. Inna takan ce ni ko tuntuɓe na yi sai na juya na rama wa dutsen. In ta faɗa a yi ta dariya, har da ni, don a lokacin ina ɗaukar abin yabo ne.

Wanda bai taɓa haƙa ba ba zai gane yadda na faɗa wannan masifa ba sai na gaya masa ƙa'ida biyu da muke rayuwa a kansu. Ta farko, ramin da ka sha wahala a kansa ba ka barin sa. Kowane mahaƙi ya san wani da ya gaji ya tashi, wani ya zo ya ƙara haƙa kamu ɗaya kawai ya tarar da jijiyar zinari. Ta biyu, in ka kafa sanda a bakin rami ka rataya tsohuwar riga, ramin ya zama naka, ko wata guda ka yi ba ka nan ba mai shiga. A bakin namu tsohuwar rigar Baba ce a rataye. Rani biyu muka yi muna haƙar sa, kuma a na biyun dutsen ya fara sauya launi, irin alamar da ke hana mahaƙi barci. Sai dai ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa, rabin yini yana tafiya wajen kwasar sa da bokiti. Yaya ya ce duk ɗan abin da muka wanke mu tara, mu sayi injin jan ruwa, in ba haka ba ramin zai gagare mu. Ni nake kai zinari wajen awo don shi ba ya son ciniki, saboda haka ajiyar ma ni ya ba, a cikin wata 'yar jakar fata da nake ɗaurewa a ƙugu.

Mai sayen zinarinmu wani mutum ne da duk daba ke kira mai sikeli. A wurin da kowa jajir yake da ƙasa, shi kullum fararen kaya ne tas, carbi a hannu, magana a hankali, kowa ɗansa ne. Bayan rumfarsa akwai wani ɗaki na langa-langa, janareta na aiki, ga fanka, ga ruwan sanyi. A ciki injinan caca ne guda huɗu, kowanne kamar ƙaramin firiji, da gilashi mai hotunan kankana da lemo da ƙararrawa da lamba bakwai. Ba a sa musu takardar kuɗi, sai wasu kwandaloli na ƙarfe, kuma a teburin da yake biyan mu kuɗin zinari nan ake sayen su. Bai taɓa kiran abin caca ba, don ya san addini ya haramta, hukuma ta hana. Cewa yake wurin shan iska ne ya yi wa 'ya'yansa. Ranar farko kyauta ya cika mini hannu da kwandaloli. Na saka, na danna, hotuna suka juya, fitilu suka kama walƙiya, ƙarfuna suka yi ta zubowa da ƙara har mutane suka leƙo. Ya dafa kafaɗata ya ce ai inji rami ne, duk abin da aka zuba yana nan a cikinsa yana taruwa, in cikin ya cika dole ya amayar, kuma wanda ya yi haƙuri ya zauna a gabansa shi zai kwashe. Ya san da wa yake magana. Da manomi zalla ya gaya wa haka, da ya yi dariya ya wuce.

Na zaɓi injin da ke lungu, mai tsagaggen gilashi, na mai da shi ramina. In zan fita sai in cire hulata in ɗora masa, kuma da yake duk masu shiga ɗakin mahaƙa ne, ba wanda ya taɓa kusantar sa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka nake zuwa sallar azahar kai ba hula, na bar ta tana gadin injin caca, in sallame a gurguje in koma. Injin ya san yadda ake riƙe mutum. Sai bakwai biyu su jeru, ta ukun ta tsaya sama da layinsu da faɗin ɗan yatsa kawai, zuciyata ta ce dutse ya sauya launi, saura kaɗan. In ya ci goma sai ya mayar da uku, ya kunna fitilu ya yi kiɗa, ka ji kamar kai ne ka ci shi. Kuma ƙarfen nan ba ya ciwo a hannu kamar kuɗi, kana jefa shi kamar tsakuwa. A karta ko dara akwai mutum a gabanka, kana iya karantar fuskarsa, yana iya gajiya ya tashi. Wannan ba ya gajiya, ba ya jin kunya, ba ya cewa ya isa haka. Akwai wata kwandala mai lanƙwasa a gefe da ta yi ta dawowa hannuna daga teburin mai sikeli, yau in jefa ta a inji, gobe ya miƙo mini ita cikin waɗanda na saya. Wai ni a wautata alamar sa'a ce ke bi na.

Shi kuwa Yaya yana can cikin rami shi kaɗai yana kwasar ruwa. Yau in ce masa layi ya yi tsawo a injin niƙa dutse, gobe in ce bayana ke ciwo. Bai taɓa ƙaryata ni ba, sai ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaura igiya ya sauka. Da nawa kason ya ƙare, na kwance jakar fata. Ban kwance ta don kwaɗayi ba, a lokacin kwaɗayin ma ya tafi, fushi ne ya rage. Gani nake wannan akwati ya ci ni, ya raina ni, kuma sai na rama. Ina zagin sa, ina dukan gefensa da tafin hannu, ina ce masa yau sai ka fito da su. Duk sanda na tuna injin jan ruwa sai in ce wa kaina ai yana nan cikin cikin wannan, ajiya ce na sauya wa wuri. Da haka jakar ta koma fata zalla.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, ana cin kasuwar daba. Ba ni da ko sisi, amma na bar hulata a kan injin na fita neman wanda zai taimaka mini da ko kwandala biyar. Da na dawo sai na tarar da hular a ƙasa, wani baƙo zaune a kujerata yana dannawa. Na je wajen mai sikeli, na ce masa an shiga ramina alhali na sa alama. Ya dube ni sama da ƙasa ya yi murmushi, ya ce shi ne ya ture ta, nan shago ne ba daji ba, hula ba ta sayen kujera, wanda ke da abin sakawa shi ke da inji. Na tuna masa cewa da bakinsa ya ce mini rami ne. Ya ce to in rami ne in je in haƙa mana. Mutanen da ke rumfar suka kwashe da dariya.

Na kuwa je na ɗauko gudumar da muke fasa dutse. Ban ɓoye ba, ban jira duhu ba, a kafaɗa na rataya ta na ratsa kasuwa. Na ture baƙon, na ɗaga na sauke wa gilashin, na ƙara, na ƙara, har gaban injin ya ɓalle ya faɗo. Niyyata in kwashi abin da na zuba in kai wa Yaya, ko da za a kashe ni bayan nan. Na durƙusa na leƙa. Wallahi babu komai. Wayoyi ne, da wani ɗan allo kore irin na cikin rediyo, da ƙura, da wata robar da ba ta fi kwanon tuwo ba, ƙarfuna ko gindinta ba su rufe ba. Ta baya kuma ga 'yar ƙofa da kwaɗo. A nan na gane kwandala mai lanƙwasa. Kowace safiya mai sikeli yana buɗe ƙofar ya juye robar, ya kawo teburi ya sake sayar mana. Ƙarfunan nan ɗaya nake ta saya da zinarinmu tsawon rani guda. Ina durƙushe riƙe da robar yaransa suka rufe ni da duka, ban ma kare kaina ba.

Ba wanda ya kai maganar gaban hukuma, shi yana tsoron a ga ɗakinsa, ni ina tsoron a tambaye ni me na shiga yi. Dattawan daba suka zauna, suka ce na fasa kayan mutum a gaban shaidu, sai an biya. Mai sikeli ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce shi ba ya son ya wahalar da 'ya'yansa, in ba mu da hali a ba shi ramin nan mai ruwa ya yi maneji. Ashe shi ma ya ga launin dutsen da muke kawo masa. Aka kira Yaya, ya zo jiƙe har ƙirji. Ya dube ni a ɗaure, ya tambaye ni abu ɗaya, ina kuɗin injin jan ruwa. Na kasa ɗaga kai. Ya tafi da ƙafarsa ya tuge sandar, ya cire rigar Baba ya naɗe, ya dawo ya kwance ni. Ko mako ba a yi ba mai sikeli ya kawo injin jan ruwa, kuma kafin damina ta sauka suka kai ga jijiya.

Na san laifina. Ba wanda ya ɗaure ni ya kai ni ɗakin, ni na kwance jakar, ni na yi wa ɗan'uwana ƙarya, kuma ramuwar da na yi da guduma ita ta ƙarasa abin da caca ta bari. Na tuba, ina kuma kan tuba. Amma mutumin nan ban yafe masa ba, ba kuma zan yi ƙaryar na yafe ba. Limamin ƙauyenmu ya zaunar da ni ya ce in bar wa Allah, na ce Malam dukan na yafe, dariyar ma na yafe, amma wanda ya ɗauki haƙurin da muke ci da shi ya ɗana mana tarko da shi, wannan sai dai Allah ya isa. Robar nan tana wurina, a cikin hayaniya na cusa ta cikin riga. Duk rani ina yawo da ita daba-daba, har ɓangaren Bukkuyum, har kasuwar Gummi inda samari ke taruwa kafin su shiga daji. In zauna in fito da ita in ce ga cikin injin, wannan ne duk ramin. Wasu su yi dariya, wasu su mayar da kuɗinsu aljihu. Mai sikeli ya sauya wa injinansa wuri ba sau ɗaya ba, duk inda ya kai su sai ya ji na riga na bi ta nan. Wannan wasiƙa ma da na aiko muku tana cikin ramuwata.

Don haka 'yan'uwana mahaƙa, da ma duk wanda ya taɓa zama gaban irin wannan akwati, a daji ne ko a manyan gidajen caca na birni, kada wani ya ce maka ya kusa bayarwa. Ba ya tara maka komai, ba ya tuna wahalarka, dannawar da za ka yi ta dubu da ta farko duk ɗaya ne a wurinsa. In ya ci ka, ka tashi a nan, kada ka ce sai ka rama, don ba kai kaɗai za ka biya ba. Yayana har yau bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi duka zafi. Yana da iyali, dole su ci, kuma ba wanda ya san bangon ramin nan kamar shi, saboda haka mutanen mai sikeli suka ɗauke shi lebura. Kullum da yamma yana fitowa daga ramin da ya fara da hannunsa, ya sauke buhun dutse a gaban mai fararen kaya, ya karɓi kuɗin yini. Ni kuma na gaya wa Inna ko bayan raina kada a jefar da robar nan, a bar wa 'ya'yana su san abin da na sayar da ramin yayana a kansa. Shi kuma mai sikeli akwai ranar da za a kafa wani sikelin da ba nasa ba, ina nan ina jiran sa a gabansa.