Goggon Ƙofa da Matar da Ta Kwana Tara a Kujerar Yara

Shekara ashirin da biyu Goggon Ƙofa ta yi tana karɓar 'ya'yan mutane a bakin get ɗin makarantar rainon yara da ke bayan asibiti. Ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma duk malamar da ta zo tana taƙama da takardu, a hannunta take koyon aiki. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum da tawul a wuya saboda majina. Ta share hancin wanda yanzu likita ne, ta wanke kashin wadda yanzu take tuƙa mota tana wuce ta ba gaisuwa. Kowa ya shaide ta da haƙuri. To, haƙurin nan na yara ne kawai. Babba in ya taɓa ta, ajiyewa take, kuma ajiyarta ba ta ɓata.

Sau ɗaya ta taɓa hawa jirgin sama. 'Yarta aka yi wa aiki a wani gari mai nisa, surukin ya ce ta zo ta tafi da yaran biyu har uwar ta warware. Babban shekararsa uku, ƙaramar wata goma sha ɗaya, an raba ta da nono ba shiri. Jirgi na ɗagawa kunnen yarinya ya toshe, ta fasa kuka. Goggo ga ta ɗaure da bel, ba halin goyo, ba halin zagayawa. Babban kuma ya samu bayan kujerar gabansa ya yi ta harbi da ƙafa.

Mai kujerar ta juyo. Wata 'yar gayu ce, turarenta ya cika jirgin, da ɗan tabo ƙarƙashin idon hagu.

"Ke tsohuwa, ba ki iya riƙe yara ba ne?"

"Yi haƙuri 'yata, kunnenta ne ya toshe."

"Ni ba 'yarki ba ce." Ta kira ma'aikaciyar jirgi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "A mayar da su baya. Irin waɗannan ai mota ce ta dace da su. Yaro tarbiyya ce. Nawa bai taɓa yi mini haka a cikin mutane ba."

Haka Goggo ta tashi, yarinya a kafaɗa, jaka a hannu, yaro riƙe da zaninta, ta ratsa jirgin nan tun daga gaba har kujerar ƙarshe ta bakin banɗaki. Ido ɗari a kanta. Wani ma har da dariya. Goggo ta zauna. Ta dai ƙare wa fuskar matar kallo, ta rantse a ranta cewa yadda aka wulaƙanta ta a gaban jama'a, a gaban jama'a za a ba ta haƙuri, ko da shekara nawa za ta jira.

Wata bakwai kawai ta jira. Ranar da aka buɗe sabon zango, sai ga Mai Turare ta fito daga mota tana jan ɗan shekara uku, jakarsa a baya ta kusa fin shi girma. Yaro ya rungume ƙarfen get ya kwantsama ihu. Goggo ta ga tabon nan, nan take ta gane ta. Ita kuwa matar ko alama ba ta gane ta ba.

"Mama, don Allah karɓe shi, ina da taro ƙarfe tara."

"Taro kam sai dai a yi babu ke, Hajiya. Shigo."

Makarantar tana da doka. Sabon yaro, uwarsa ko ubansa zai zauna a aji har yaron ya saba, waya kuma a bar ta cikin kwando a ƙofa. Wadda take cewa ya saba, Goggo ce. Alamarta ɗaya, kuma kowa ya san ta: yaron da hankalinsa ya kwanta, da kansa yake sauke jakarsa. Muddin jaka na baya, ransa na gida.

Ta zaɓo wa Mai Turare kujera mafi ƙanƙanta, shuɗiya, mai ƙafa ɗaya gajeriya, ta ajiye ta tsakiyar aji. Gwiwoyinta suka kai ƙirji. Yara ashirin na kuka, kowa da muryarsa. Wata ta goge majina a gefen rigarta, wani ya saki fitsari dab da takalminta. Waya na ta ruri a cikin kwando.

Kwana biyu yaron ya yi ya sauke jakarsa, ya hau wasa. Goggo ta ja shi gefe ta raɗa masa cewa shi ne direban babbar mota, direba kuwa ba ya sauke kaya sai an isa. Yaro ya mayar da jaka yana washe baki, ko wurin cin abinci ba ya yarda a taɓa ta. In shugabar makaranta ta leƙo ta ce, "Yaya, Goggo?" sai ta nuna da haɓa: "Kin ga jaka. Da saura."

A rana ta shida duk sauran iyaye sun tafi. Mai Turare ta tarar da Goggo a bakin famfo tana wanke kofuna.

"Mama, an ba ni takardar gargaɗi a wurin aiki. Me ke damun yaron nan ne?"

"Yaro tarbiyya ce," in ji Goggo, ba ta ko ɗago ba. "Naki ai bai taɓa yi miki haka a cikin mutane ba. Ni kuwa tsohuwa ce, ban iya riƙe yara ba. Ko a mayar da ku baya ne?"

Matar ta ƙura mata ido. Can ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke ce? Wallahi ranar kaina ke ciwo. Ki yi haƙuri."

"A gaban mutum ɗari kika yi, a bayan famfo za ki wanke?"

"Zan kai ƙararki wurin shugaba."

"Kai mana. Ki fara mata daga farko, daga inda na tashi da yara biyu."

Ba ta kai ba. Girman kai ya ƙara zaunar da ita kwana biyu, bayanta ya riƙe, wurin aiki suka ce Litinin ce ta ƙarshe. A safiyar rana ta tara, lokacin da get ya cika da iyaye da direbobi da mai gadi, ta tsaya gaban Goggo ta ce wani abu cikin maƙogwaro.

"Kunnena ya tsufa, Hajiya. Ɗaga murya, ai na san kina da ita."

Ta ɗaga. Ta faɗi abin da ta yi, da abin da ta ce, har zancen mota, ta roƙi gafara. Wata cikin iyayen ta tafa hannu ta riƙe baki. Goggo ta bari sai da ta kai ƙarshe, sannan ta sunkuya ta ce wa yaron, "Direba, an iso." Ya sauke jaka ya ruga aji.

"Je ki aikinki."

Da motar ta tashi, mai gadi ya matso. "To Goggo, an yafe ke nan?"

"Na dai karɓa," ta ce, tana gyara tawul ɗinta. "Yana da sauran shekara uku a nan. Kuma na ji tana da ƙarami a gida."