Ta'aziyyar da Kaka Ta Kai wa Bajamushiya

Duk ranar ɗaya ga Mayu, idan na fito a nan Lyon ƙamshin farin furen da ake sayarwa a bakin titi ya buge ni, sai in koma ƙaramar yarinya a Aubervilliers, gefen Paris. Ka san Faransawa da ranar ma'aikata, kowa riƙe da fure kamar an yi masa haihuwa. Ni dai abin da ƙamshin ke tuna mini shi ne kwanon fura a hannuna, Kaka tana gabana tana hawa matakala tana nishi.

A wani tsohon bene muke zaune, ni da Inna da Baba, sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka kawo daga Maradi a duba mata ido ta yi zamanta. Baba dako yake yi a rumbunan tufafin unguwar. A shekarar suka shiga yajin aiki, ya ce ranar ma'aikata zai bi abokan aikinsa zanga-zanga cikin Paris. Kaka ta ce ba da yawunta ba. Ta ga yadda 'yan sanda ke jibgar mutane a talabijin, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ko wajen cin tuwo maganar ke nan, ita tana cewa ya zauna gida, shi yana sunkuyar da kai ba ya cewa to.

A samanmu akwai wata tsohuwa Bajamushiya, ita kaɗai take zaune, mai fara'a, takan ba ni alawa. Da safen ranar Inna ta haɗu da ita a matakala cikin baƙaƙen kaya, ko gaisuwa ba ta amsa ba, ga tagoginta a rufe ruf. Matar da ke kula da benen ta yi wa Inna bayani, Inna kuwa Faransancinta rabi-rabi ne, abin da ta tsinta kawai shi ne 'yan sanda sun harbe mahaifin tsohuwar. Kaka ta saki salati. An yi rasuwa a saman kanmu muna zaune? Nan da nan ta dama fura. Ni na so in tambayi shekarun uban wannan tsohuwa, amma ba a tambayar yara. Yanzu da na girma ina zargin ba zumunci kaɗai ya hau da Kaka ba, labari take nema da za ta ɗaure ƙafar Baba da shi, don kafin mu fita ta ce masa kada ya motsa sai ta sauko.

Ɗakin duhu, sai warin kofi da ya huce. Kaka ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta bar kujeru ta zauna ƙasa, ta jero gaisuwar haƙuri, ni ina mayarwa da Faransanci ina tuntuɓe. Sannan ta tambayi yaushe aka yi rasuwar. Tsohuwar ta dube ni ta ce tun tana yarinya kamata ne, a Berlin, a rana irin ta yau.

"Mi ta ce?"

Na faɗa mata. Kaka ta daɗe tana kallon furfurar matar. A wurinmu ana sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi arba'in, kowa ya tashi. Ta ce a hankali, "Har yanzu ba a naɗe tabarmi ba?" Wannan ban fassara ba. Ta gyara zama ta ce, "Tambaye ta, ɗiyata, mi ya fitar da shi?"

Tsohuwar ta girgiza kai. Ai bai fita ba. Hukuma ta hana ma'aikata taro, mahaifiyarta ta yi ta roƙonsa ya zauna, ya zauna. Da harbi ya matso layinsu ya tashi ya rufe taga, a nan harsashi ya same shi. Ƙanensa da ya fita cikin taron ya dawo ko ƙwarzane babu.

Kaka ta ce in maimaita. Na maimaita, ta ce ashe kuɗin lakkol ɗina, wato makaranta, asara ne, ban iya yaren ba. Na maimaita ina hawaye, don ni ma kaina ya kulle, kullum ana gaya mana gida ne wurin ɓuya. Tsohuwar ta kurɓi furar don kara, ta ajiye.

Da muka sauko Baba yana tsaye bakin ƙofa da takalmansa. Kaka ta dube shi, ta dubi tagarmu, ta sake dubansa. Sai ta ce wa Inna, "Ɗauko mini babban mayafina." Haka ta fita riƙe da gefen rigarsa, carbi a ɗaya hannun, matar da ke tsoron matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Inna ta rasa inda za ta ajiye ni, ta zaunar da ni a lungun banɗaki, nesa da taga, har la'asar. Suka dawo lafiya, ƙafafun Kaka a kumbure, tana mitar hayaniya. Har ta koma ga Allah ba ta faɗi abin da ta yanke a ranta ba, ni kuma ban gane ba, ko yarda ta yi ko tsoro ne ya ƙaru.

Bara ɗana, da ke aiki a wani asibiti a nan, ya fita tasu zanga-zangar. Bai nemi izinin kowa ba, hotonsa kawai na gani a waya, yana tsakiyar taro, 'yan sanda jere a bayansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara rubuta masa faɗa a kan rashin tambayata. Sai na tsaya na goge. Da ya tambaye ni ma, wallahi ban san inda zan ce ya tsaya ba.