Takardun Shaida Ɗari Huɗu a Kan Tebur Ɗaya

Ko na tsufa ba na jin zan manta da wata safiyar Alhamis a shekarar da na yi bautar ƙasa a wani ofishi a Abuja. Da ƙarfe tara oga ya dire mini takardun shaidar horo ɗari huɗu a hargitse, ya ce in jera su bi da bi bisa haruffan sunaye kafin sha biyu, lokacin da za a kira masu su a zauren taro. A ranar kuma zai yanke ko za a riƙe ni aiki.

Kimiyyar kwamfuta na karanta, na kuma ci jarrabawa kan hanyoyin jera abubuwa. Amma da takarda ta zo hannu, sai kaina ya ɗaure. Na fara da kwatanta kowace da maƙwabciyarta ina musanya su, suna tasowa a hankali kamar kumfa. Bayan rabin awa ko zagaye biyu ban gama ba. Na koma ware su harafi-harafi. Sai ga tulin A da na M sun yi tsiri, su Abubakar da A'isha, su Musa da Maryam, sauran haruffa kuwa fayau. Na tsaya ina kallon labule yana kaɗawa, na rasa wace hanya ce mai sauri, har hawaye ya taru.

Wata dattijuwa mai shara, 'yar Filato da ke zuwa aiki daga garin Karshi, ta jingine tsintsiyarta.

"'Yata, haka za ki kwana? Karatu ya yi miki yawa."

"Mama, na rikice ne."

"Kasa su goma-goma, kamar lemu. Goma ba ya wahalar da hannu."

Muka jera kowane kashi. Sannan ta ajiye kashi biyu gefe da gefe, ta ce, "Na sama kawai za ki duba. Wanda ya riga a harafi, ɗauka." Goma ta zama ashirin, ashirin ta zama arba'in. Sai na farga: wannan ai ita ce hanyar rabawa da haɗawa da na zana a allo, na haddace lissafin saurinta, ban taɓa gane fuskarta ba.

Saura minti bakwai sha biyu ta yi muka gama. An riƙe ni aiki.

Har yau ina mamakin yadda na san amsa amma na kasa ganin ta. Abin da na koya shi ne, kafin ka tambayi wace hanya ta fi sauri, fara duba yawan tulin da ke gabanka da irin abin da ke cikinsa. In kuma ka rikice, saurari mai tsintsiya.