Shafukan da Na Ƙi Rufewa

Laifina ne, ba na kwamfuta ba, ba kuma na hoton yarinyar ba. Na daɗe ina faɗin akasin haka.

Ina da ɗan shago a Bungudu inda nake cike wa mutane fom a intanet. Karatuna bai yi nisa ba, amma da yake ni kaɗai ke da firinta a layinmu, sai aka fara kirana Injiniya, ni kuma ban hana ba. Ina da wata ɗabi'a: duk shafin da na buɗe wa mutum, ba na rufe shi. A ganina hakan kamar korar baƙo ne daga zaure. Har shafin wani mai neman takin bara yana nan zaune.

Wata rana kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Tsafe da takardun 'yarsa. Makarantar koyon jinya take nema, kuma ƙarfe huɗu na ranar za a rufe karɓa. Muna tsakiyar cikewa sai komai ya ƙame. Wani ɗan akwati ya fito a allon kwamfutar yana cewa shafin ya daina amsawa, in zaɓa: ko in jira, ko in tsayar da shi.

Na danna jira.

"Ɗan nan, mi ya faru?" in ji Kawu.

"Tunani yake, Kawu. Ba a katse shafin gwamnati."

Akwatin ya dawo, na sake danna jira. Da ya dawo karo na biyar sai na gyara zama na yi wa Kawu wa'azi a kan haƙuri, mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni.

Ya ce, "Ni dai jakina in ya tsaya haka, kaya nika rage mai."

Na ce, "Kawu, wannan ilimi ne, ba jaki ba."

Da huɗu ta wuce, sai na ce hoton yarinyar ne ya yi duhu, shi ya sa aka ƙi karɓa. Kawu ya tattara takardunsa, har da yi mini godiya. Daga baya na ji ya yi mata faɗa sosai a kan hoton.

Bayan mako biyu na kai kwamfutar wajen mai gyara a Gusau. Ya dubi saman allon ya ce, "Injiniya, taron biki kake yi a nan?" Ya tsayar da shafin da ya maƙale, ya rufe sauran, ya share tarkacen da manhajar ta tara, ya sake buɗe ta. Ko ruwan da ya ba ni ban gama sha ba, ta koma gudu.

Wata uku na yi ina kauce wa hanyar Tsafe. Ranar da na je, na roƙi Kawu ya kira 'yar tasa, na durƙusa a gabansu.

"Ƙanwata, hotonki lafiyarsa ƙalau. Ni ne ban iya ba, na kuma ji kunyar faɗa, na jawo miki asarar shekara guda da faɗan da ba naki ba. Ki yafe mini. Kawu, kai ma ka yafe mini."