Kwafin Tallan Zonkwa

Shekarar da na fara aiki a ƙungiyar manoman citta a Kafanchan, aka damƙa mini kwamfutar ofis, don ni kaɗai ce ba na tsoronta. A cikinta akwai manhajar da muke tura wa manoma saƙon talla.

Wata Litinin Oga ya ce in shirya tallan taron sabon iri da za a yi a Nok. Na ce zan cike komai daga farko.

"Ke dai son wahala gare ki," in ji shi. "Danna kwafi a kan na Zonkwa na bara, ki canza suna, shi ke nan."

Na danna, na canza suna da rana. Manhajar, da yake mai hikima ce, ta zaɓi abin da ta ga dama. Jerin manoma bai biyo ba, sai da na shigar da mutanen Nok ɗaya bayan ɗaya. Amma gurbin wurin taro ya biyo lafiya lau, haka ma gurbin lambar wanda za a kira. Lambar kuwa ta Baba ce, tsohon malamin gonarmu da ya yi ritaya. Ban duba ba. Saƙo ya fita yana gayyatar mutanen Nok zuwa harabar coci a Zonkwa.

Ran Laraba sai ga Baba a bayan mashin.

"'Yata, wa ya mayar da ni aiki ban sani ba? Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba, har cikin addu'ar safe."

Oga ya dube ni kamar bai taɓa jin kalmar kwafi ba. "Yaran zamani ke nan, Baba. Ba sa duba aiki."

Ashe Baba ya riga ya gano kuskuren, duk wanda ya kira shi sai ya ce masa ya zauna a Nok. Taro ya cika. Oga ya miƙe ya yi doguwar godiya ga fasahar zamani, Baba na zaune a benci na baya.

Wasu mata biyu ne kawai ba su kira kowa ba. Suka hau mota har Zonkwa, suka wuni a harabar coci suna jira. Ni aka tura in ba su haƙuri, da buhun iri a ka. Babbar ta karɓa, ta ce in gaida kwamfuta.