Ƙwallon da Na Ƙwace wa Yaya

Shekarun baya, ban daɗe da dawowa Batsari daga karatu a Masar ba, ba aiki, ba mata, sai takardar shaida da girman kai. Abu ɗaya na zo da shi wanda ba wanda ya san shi a garinmu, wato wasan padel. Wasa ne na mutum huɗu, biyu nan biyu can, raga a tsakiya, bango kewaye da fili. Ana buga ƙwallo irin ta tanis da wani faifai mai huji-huji, mai igiyar da ake zura hannu a ciki don kada ya suɓuce. Daɗinsa yana wurin bangon. In ƙwallo ta dira a gidanka sau ɗaya ta wuce ka, ba ta mutu ba, za ta bugi bango ta dawo, ka mayar da ita.

A can bangon gilashi ne. Mu kuwa abin da muka samu wani tsohon siton auduga ne da iska ta yaye wa rufi, bango huɗu a tsaye da daɓen siminti. Abokina kafinta ya karɓi faifai ɗaya tilo da na zo da shi, ya jujjuya shi, ya ce, "Wanga ai matankaɗi ne aka yi ma mariƙi." Ya sassaƙa mana irinsa da katako, ya huhhuda. Muka ɗaura tsohuwar raga, muka yi saƙon ƙwallaye daga Katsina, na naɗa kaina malamin wasa ba tare da kowa ya roƙe ni ba.

A shekarar ne yayana ya dawo gida. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Manomi ne a Ruma, mai shanu, mutumin da ake sallama a ƙofarsa in magana ta rikice. 'Yan bindiga suka kore shanun, ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin gari. Tun da ya dawo ya zama wani iri. Daga hantsi zuwa la'asar yana zaure, ba hira, ba rediyo, in an kawo abinci ya taɓa ya ture. Ranar nan mahaifiyata ta kira ni ɗaki ta ce, "Ka ja yayanka ku tahi wurin wasan nan naku, ko kallo shi yi. Zaman nan nashi ba ya yi mani daɗi."

Na ja shi muka je. Sati guda ya yi yana tsayawa bakin ƙofar sito yana kallonmu, yana girgiza kai. Rannan muka kasance mu uku, ba na huɗu. Ban ko roƙe shi ba, sai na ga ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙusa. Na nuna masa yadda ake fara bugu: ka dira ƙwallo a ƙasa, ka buge ta ƙasa da ƙugu, ta tsallake raga ta faɗa gidan da ke karkace da kai. Ya ce, "Shi ke nan? Don wanga aka kai ka Masar?"

Cikin wata biyu ya gane abin da na shekara ban gane ba. Ni ƙwallo na tahowa nake rugawa in tare ta da ƙarfi, sau da yawa in zuba ta cikin raga. Shi kuwa sai ya kauce, ya bar ta ta wuce, ta bugi bango ta dawo masa a sanyaye, ya ɗaga ta sama ta bayan abokan karawa, dole su bar bakin raga su koma baya. Yakan ce da ni, "Malam, ina kake gudu? Ina za ta? Bango na nan." Da na yi masa bayanin cewa abokan wasa tare suke matsawa gaba, tare suke ja da baya, sai ya ce ai wannan shanun huɗa ne, in ɗaya ya wuce ɗaya kunyar gona ta karkace. Matsalarsa ɗaya, gwiwar hagu. In aka ajiye masa gajeruwa a gindin raga, kafin ya iso ta dira sau biyu.

Yaya ya dawo mutum. Shi ke riga kowa zuwa sito da tsintsiya bayan la'asar. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari, ya koma tsokanar matarsa. Mahaifiyata har addu'a ta yi wa matankaɗin kafinta.

Akwai wasu mutum biyu daga Safana, malamin asibiti da malamin makaranta, da suke zuwa kan babur ɗaya duk ranar kasuwa suna koyo a wurinmu. Da hannunsu ya faɗa sai baki ya buɗe, suka ce su fa Safana sun fi ƙarfin Batsari. Aka sa rana, ni da Yaya za mu kara da su. Magana ta zaga gari, ranar kuwa har kan bango mutane suka hau: mahauta, 'yan tireda, da mutanen Ruma da yawa waɗanda gudun hijira ya kawo gari, sun zo ganin babbansu yana wasan Masar.

Akwai wata dabara a padel. In ɗaya daga cikin abokan karawarku ya fi ƙarfi, sai ku hana shi ƙwallo, ku yi ta aika wa mai rauni har shi mai ƙarfin ya huce, ya fusata, ya fara shirme. Ni da bakina na koya wa mutanen Safana wannan, ina taƙama. Ranar suka juyo mini da ita. Ƙwallo goma, tara na Yaya, kuma rabinsu gajeru a gindin raga. Ni ina tsaye a ɓangarena kamar mai gadi. Yaya yana ta fama, yana mayar da wasu, wasu suna kuɓuce masa, gumi ya jiƙe masa singileti. Suka cinye zagayen farko. Wani daga kan bango ya ce, "Ina ɗan Masar ɗin? Ko kallo ya zo shi ma?" Aka kwashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci.

Da aka shiga zagaye na biyu na fara tsallakawa ɓangarensa ina tare ƙwallayensa. Ya yi mini magana a hankali, "Bari dai, sun fara gajiya. Ka riƙe wurinka." Ban ji ba. Can aka ɗago wata ta nufi kusurwarsa, tasa ce sarai, irin waɗanda ya fi kowa iya ɗauka daga bango. Ya riga ya gyara tsayuwa. Na rugo, muka kusa karo, sai na ji bakina ya kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi, na ce, "Matsa mana! Koma gefe ka tsaya!"

Tun da na fara magana a duniya ban taɓa kiran sunan nan ba, Yaya nake cewa. Matarsa ba ta faɗarsa, mahaifiyarmu ma saboda ɗan fari ne ba ta faɗa. Wani dattijo daga Ruma ya yi salati a hankali. Yaya ya dube ni, ya koma kusurwa ya tsaya, faifai na rataye a hannunsa.

Abin takaicin, mun ci. Mutanen Safana sun rikice, kunya ta hana su sake aika masa ƙwallo, suka yi ta ba ni ina kashewa. Na ɗauki zagaye na biyu da na uku kusan ni kaɗai, har da tsalle na yi. Da na waiwaya in kama hannunsa, ya riga ya zare igiyar, ya jingine faifan a bango, yana sa riga. Ya yi wa baƙi sannu da wasa, ya yi musu Allah ya kiyaye hanya, ya fita. Abokina kafinta ya matso ya ce, "Ka ci Safana, Malam. Sai ka je gida ka ga abin da ka ci."

A gida mahaifiyata ta riga ta ji. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in zauna, ta ce, "Kai ba ka nan, shi kuma ba ya faɗi. Ranar da 'yan bindigar nan suka zo Ruma, sunanshi suka kira, don an ba su shi. Yara ne, ba su kai ka ba. Suka ce shi koma gefe shi tsaya. Ya tsaya, gaban matarshi da maƙwabta, suna kwance shanun ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka gani ran nan, yau ma suna kan bango."

Washegari da safe na same shi a zaure, na durƙusa na ce, "Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini." Ya ce, "Haba, ai wasa ne. Tashi, na yahe." Ya tambaye ni ko na karya. Amma la'asar ta yi bai tashi ba, washegari ma haka. Ya koma zaman zauren nan wata da watanni, ina wucewa ta gabansa da faifai a hannu kamar ɓarawo, har Allah ya sa ya samu aron gona wajen Darini ya koma noma.

Na daɗe ina juya abin. Na san dokokin wasan nan kaf, na san ba a yin sa sai da abokin tafiya, ni ke koya wa mutane cewa wanda aka matsa wa lamba ƙarfafa shi ake yi, ba ƙwace masa ake yi ba. Da na tsaya wurina wataƙila mu ci, wataƙila a cinye mu, mutanen Safana su yi mana dariyar sati biyu a manta. Dariyar mutum ɗaya daga kan bango na kasa haƙura da ita. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, ko ni kaɗai ne a ɗaki.

Tsakanina da Yaya lafiya lau, shi ya karɓa mini aure. Bara da sallah, muna zaune mu biyu, na yi ƙarfin hali na ce ya zo mu buga ko sau ɗaya, in tsaya inda ya ce in tsaya. Ya yi murmushi. Sannan ya ce, "Na yahe maka tun kahin in sa riga, kada ka sa ma ranka komi. Amma ka gane, duk garin nan wurin nan kaɗai nika shiga in manta. Yanzu in na shiga, tunawa zan yi."

Ban sake tambayarsa ba.